Hannun Hagun Mai Dara

Bayan la'asar nake ganinsa a gindin wata darbejiya a Gyadi-Gyadi, jikinta duk fastocin zaɓen da ya mayar da soja bariki. Tsoho ne siriri, da rigar shadda wadda wanki ya cinye. A gabansa gurabun dara ne haƙe a ƙasa, an shimfiɗa buzu a ɗaya gefen, ba kowa a kai.

Da hannun dama yake tura tsinkayensa, sai ya daɗe yana tunani. Duwatsun abokin wasa kuwa hannun hagunsa ke matsar da su, farat ɗaya, shi yana kallon titi. In ya waiwayo sai ya yi turus, kamar wanda aka shammata.

Yau na matsa kusa, har bakin buzun. Ya jera uku, ya ɗauke dutse ɗaya, amma fuskarsa ba murna.

"Dabarar Falalu ke nan," in ji shi. "Ya bar maka ɗaya ka ci, ka buɗe tsakiya, ya kwashe ka."

"Baba, ina Falalun yake?"

"Wata mota marar lamba ta ɗauke shi a nan lokacin mulkin soja, muna tsakiyar wasa. Rediyo ta ce yanzu ana sako mutane."

Hannun hagun ya zabura, ya cinye wa tsohon tsinke ɗaya. Tsohon ya dubi ƙafata, ya rage murya.

"Ɗana, ɗan ja baya. Ka taka masa riga."