Shafika Ta Bar Ɗanta a Kudu

Duk wanda ya tashi a Nazlat Wahba ya san muryar Shafika kafin ya san fuskarta. Gidanta na bayan coci, tanderunta na kan soro, daga can kuma take yi wa unguwa shari'a: wace ce ta watsa ruwan wanki a hanya, wane ne ya saki jakinsa ya ci mata albasa. 'Yar guntuwa ce, siririya, da shuɗin gicciye a wuyan hannu irin wanda ake tsaga wa kowane ɗan Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, tun yana goye. Mijinta Labib masunci ne, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tak, Bakhum. Da gurasa ta raine shi. Tun daga nan ba mai kiranta da sunanta sai a bayan idonta, a gabanta kuwa Ummu Bakhum ce.

Wan mijinta, Gattas, shi ne babba cikin dattawan coci, yana da shagon takin zamani a bakin kasuwa. Kada a zalunce shi, mutumin kirki ne, sai dai yana son a ce shi ya yanke. Allah ya ba shi 'ya'ya mata kaɗai, don haka ya ɗauki Bakhum tamkar nasa, shi ya kai shi makarantar koyon jinya a birnin Asyut. Ransa ya gama tsara komai: yaro zai dawo ya buɗe ɗakin magani a gari, ya yi aure, sunan gidansu ya tsaya.

Sai ga shi wata Lahadi limamin cocinmu, Abuna Filubbus, ya sanar cewa an buɗe ƙaramin asibiti da ɗakin sujada a wani ƙauye na Sudan ta Kudu, a bakin Nilu, kuma ana roƙon cocin ƙauyuka kowanne ya ɗauki nauyin ma'aikaci guda. Kafin Abuna ya rufe baki Bakhum ya miƙe. Wayyo, ranar unguwa ta sha kallo. Shafika ta bi shi har tsakar gida da muciya tana cewa, "Na haife ka ne don sauro ya samu abinci? Marasa lafiyan garin nan sun ƙare ne?" Ta daina yi masa magana. Amma ranar tafiya an gan ta tana danna masa busasshiyar gurasa da tsohon cuku a jaka har zif ya ƙi rufuwa, tana zaginsa tana dannawa.

Da ya tafi sai ta koma ita ce uwar aikin. Ita ta kawo dokar ƙwai: duk ƙwan da kaza ta saka ranar Lahadi na aikin bishara a kudu ne. Bayan sujada takan ɗauki kwando ta bi gida gida, ta sayar a kasuwar Talata, a haɗa da baikon alkama, wato sadakar da ake kai wa coci lokacin girbi, a aika kudu sau ɗaya a shekara. Da shi ake sayen magani, da shi ma'aikaci ke ci. Maƙwabciyarta Hilana, wadda suka yi shekara da shekaru suna faɗa suna shiryawa, takan ce, "Ke Ummu Bakhum, kazata ba ta san Lahadi ba." Shafika ta ce, "Ta sani sarai. Na ji kukanta da safe, ɗauko." Masu gunaguni ma ba a rasa ba, suna cewa rufin cocinmu na yoyo, mu ma abin a taimaka ne. Ita kuwa amsarta ɗaya: "Tun da aka haife mu hannunmu a miƙe yake muna karɓa. Ku bari mu ji yadda ake ji in an juya shi."

Shekaru suka ɗan ja a haka. Bakhum na kira idan waya ta samu, yana ba ta labarin wata yarinyar garin mai suna Acol da yake koya wa aiki, wai hannunta ya fi nasa iya karɓar haihuwa. Sai wata damina zazzaɓi ya kama shi. Ruwa ya cinye hanyoyi, ba mota ba jirgi. Ya rasu a asibitin da yake jinyar mutane, aka binne shi a gindin wata bishiya a gefensa. Abuna ne ya hau soro da kansa ya gaya mata, tana tsaka da fitar da gurasa. Ta kwashe ta tsaf, ta rufe da mayafi, sannan ta sauka ta ɗebi taɓo ta shafa a ka, ta yi kukan da har masu kwale-kwale suka ji.

Mutuwar da zafi, amma rashin kabarin ya fi cin ta. A garinmu kowane dangi na da ɗakin kabarinsu a gindin dutse, gabas da gari. Ranar babban biki mata kan fita da kwandunan gurasar rahama, su raba wa mabukata da sunan mamatansu, su zauna a bakin ƙofa suna ba su labarin gida. Shafika ta je bikin farko bayan rasuwar Bakhum, ta zauna a ƙofar Labib. Kowace mace na kiran nata, ita ta buɗe baki ta rasa inda za ta juya. Ta dawo da kwandonta ko rabi ba ta raba ba, ta kwanta ciwo.

Gattas ya gani, shi ma rashin na cin sa. Da rani ya shigo hanya ta buɗe, sai ya zo gidanta ya zauna a kan benci ya ce, "Ummu Bakhum, share hawayenki. Na yi magana da mutane, za a tono shi a sako shi a jirgi. Kafin bikin Tashin Almasihu yana kusa da ubansa." Gaskiya ita ce ta yi murna, murnar da ba ta yi ba tun ranar da ta haife shi. Ta sumbaci hannun Gattas, abin da ba ta taɓa yi ba. Washegari ta sayi farar ƙasa ta je gindin dutse ta shafe ɗakin kabarin da hannunta. Ba ta tambayi inda za a samu kuɗin jirgi ba, shi kuma bai faɗa ba.

Ƙwai ne ya tona asiri. Lahadin da ta biyo ta ɗauki kwando kamar kullum, sai ta ga kowace mace na ba ta ninki, har masu ɓoyewa a da. Hilana ta juye mata na mako guda ta ce, "Ungo duka, 'yar'uwa. Tunda na ƙarshe ne, a yi shi da kyau."

"Na ƙarshen me?"

"Au, ba a gaya miki ba? Baikon bana ai shi zai dawo da Bakhum. Daga nan an rufe maganar kudu. Gattas ya ce mun ba da ɗa, ya isa."

Shafika ba ta ƙarasa zagayen ba, ta wuce wurin Abuna. Ta same shi yana shan shayi, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Abuna, wa ke share kabarin Bakhum?" Ya ce Acol ce, kowace safiya, da matan da ke zuwa awo. Ta ce, "Idan baiko bai je ba fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce magani zai ƙare kafin damina, Acol ba ta da abin ci, za a kulle ƙofa. Ya ce ya faɗa wa dattawa, amma wa zai iya duban uwa ya ce mata a'a? Tana son ƙasusuwan nan kamar ranta, kuma ta gane da me za a saye su.

A Lahadin gaba dattawa suka zauna a harabar coci don a ƙarasa magana. Zaman maza ne, mace ba ta wuce bakin ƙofa sai in shayi ta kawo. Shafika ta ratsa tsakiyarsu da baƙaƙen kayanta, ta dire kwandon ƙwai a kan tebur gaban Gattas.

Ya ce, "Ummu Bakhum, je ki gida, za mu aiko miki."

"A kan ɗana kuke magana, ina nan."

"Don ke muke yi ai."

"Wa ya tambaye ni? Kai Yaya, ka zo gidana ka ba ni rabin magana na sumbaci hannunka. Ina sauran rabin?"

Wani dattijo daga gefe ya ce ta ji tsoron Allah, mutane sun gaji, shekara nawa ana aikawa, ga abin da aka samu. Ta juya kansa ta ce, "Kai da kazarka ba ta taɓa sanin Lahadi ba, me ya gajiyar da kai? Ku faɗi gaskiya. Kun daɗe kuna son rufe akwatin baikon nan, kun rasa murfi, sai kuka ga gawar ɗana. To ba da shi za ku rufe ba."

Gattas ya miƙe ya ce, "Ni na kai shi makaranta. Ni na saya masa takalmin farko. Ba ni da namiji sai shi, kin sani. Kina so ya kwanta cikin baƙi, a ƙasar da ba wanda ya san sunan kakansa? Ke wace irin uwa ce?"

Wannan ta shige ta, kowa ya gani. Ta dafa tebur ta ce, "Irin wadda ta shafe ɗakin kabari da hannunta, je ka duba, bai gama bushewa ba. Kana tsammani ba na so? Ina so, Yaya, ina so har ba na iya haɗiye abinci. Amma matan nan da suka ba ni ƙwai tun farko, na ce musu na magani ne. Shi ma abin da ya kai shi ke nan. In na kulle ƙofar da ya mutu yana riƙe da ita don in samu wurin zama ranar biki, da wane ido zan zauna? Me zan ce masa?"

"Mun riga mun yanke."

"To ku tono shi. Amma ku ji da kyau: ranar da akwatin gawar ya iso, ina kan soro ina gasa gurasa. Ba zan sauko ba, ba zan yi kuka ba, ba zan karɓi gaisuwar kowa ba. Ku shiga da shi gari uwarsa na kallo daga sama, duk ƙauyukan nan su ji."

A wajenmu gawar da uwa ta ƙi tarba abin kunya ne da jikoki za su gada, kuma duk wanda ke wurin ya san Shafika ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Abuna ya tambayi dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa yana cewa a aika kudu. Gattas ya ɗauki sandarsa ya fita. Har yau in sun haɗu a hanya yakan juya fuska, 'ya'yansa ma sun daina hawa soronta. Wasu matan suka ce zuciyarta dutse ce, suka faɗa inda za ta ji. Baiko dai ya tafi kafin ruwa ya sauko, asibitin bai rufe ba.

Ranar bikin Tashin Almasihu da hantsi mata suka fito da kwanduna suka nufi gabas. Shafika ma ta fito da nata, shaƙe da gurasar rahama, sai ta juya yamma. Hilana ta ɗaga murya ta ce, "Ummu Bakhum, tsufa ya ɓatar miki da hanya ne? Dutse na nan." Ta ce, "Je ki gaishe min da Labib, ki ce zan zo a biki na gaba."

Ta gangara mashigin kwale-kwale a bakin Nilu, ta raba gurasa ga masu fito da masu jiran fito, Kirista da Musulmi, duk wanda ya miƙo hannu. Tsoho Abdul'al mai kwale-kwale ya karɓi tasa ya ce, "Rahamar wa, Ummu Bakhum?" Ta ce ta Bakhum. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Sai ta nuna kogi da haɓa ta ce, "Kai da ka tsufa a kansa, ruwan nan daga ina yake zuwa?"

"Daga kudu mana."

"Ta Sudan yake biyowa? Ta Kudun ma?"

"Haka aka ce. Ni dai ban wuce Aswan ba."

Ta tattare zaninta ta tsuguna a bakin ruwa, ta fuskanci inda yake fitowa. Ta tsoma hannun nan mai gicciye, ta ɗebo ta wanke fuska, ta sake ɗebowa. Sannan ta fara ba Bakhum labarin gida kamar yadda ake yi a ƙofar kabari: rufin coci har yanzu yana yoyo, Baffansa na fushi, kazar Hilana ta koyi Lahadi. Ta yi masa faɗa a kan gidan sauron da ta tabbata bai riƙa shiga ba. Daga ƙarshe muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Na bar ka a can, Bakhum. Kada ka ce na yar da kai."

Ta jima a tsugune. Da ta miƙe ta kakkaɓe kwandon, ta ɗora a ka, ta hau gangaren zuwa gari. Ranar Lahadi ce, akwai ƙwan da za a karɓa.