Inna Tasadit Mai Murza Seksu

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran surukata, Inna Tasadit, a ɗakinta na ƙauyen Tawrirt da ke kan duwatsun Kabiliya. Nasa muke, kuma inda ta tafi can muka nufa.

Inna, na shigo gidanki ina amarya daga birnin Kusanɗina, ban san ko gaisuwa da yarenku na Kabiliya ba. Washegari kika dire akushi a gabana, da tsakin alkama da ruwan gishiri. Na ce, "Ashe yau ni'ima za mu ci," domin haka muke kiran wannan abinci a garinmu. Matan gida suka tuntsire da dariya. Ke kam ba ki yi ba.

"Ni'ima ce, 'yata," kika ce da gurgun Larabcinki, "amma a gidan nan sunansa seksu. Miƙo hannunki."

Kika ɗora tafinki a kan nawa, kika yi ta juya shi cikin akushin har tsakin ya mulmulu. Ranar kika gaya mini cewa daga wannan juyin sunan ya fito, wato abin da hannu ya murza. Kin ce kakanninku suna faɗinsa tun kafin Larabci ya hawo dutsen nan, baƙi suka ɗauka, kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa ya iya. Shi ya sa da ƙanin mijina, Akli, ya dawo daga Faransa da seksun kanti a kwali yana ce masa kuskus, kika dube shi sama da ƙasa. "Kus-kus? Kai Akli, kyanwa kake kira ko yunwa kake ji?"

Na daɗe ina ɗauka son harshenki ne kawai. Sai wata shekara muka je kasuwar Tizi Wuzu da ɗanki Mukran, mijina, muka tarar da wata tana sayar da baƙin seksu na garin ballut, ƙwallayen wani itace da awaki ke ci. 'Yan birni suna ta rububi, wai yana gyara jiki. Mukran ya juya baya, ya kama hanyar gida. Da na tambaye ki dalili, kika zaunar da ni a gindin ɓaure.

Lokacin yaƙi ne. Sojojin mulkin mallaka sun ƙone rumbunan ƙauyen, suka tattara ku a wani sansani mai shingen waya. Mijinki ya hau dutse wurin mayaƙa, bai dawo ba. Aka bar ki da Mukran, da Akli a goye, da ƙaramar Wiza. Babu alkama, sha'ir ma sai ɗan abin da kika ƙulle a bakin zane. Kika tsinto ballut, kika jiƙa shi har ɗacin ya ragu, kika niƙa, kika zauna kina murzawa kamar ana shirin biki. Maƙwabciyarki ta ce, "Haba Tasadit, abincin awaki za ki turara a madambaci?" Mukran ma ya ture kwanon, ya ce ba seksu ba ne. Kika nuna masa hannuwanki, kika ce tunda su suka murza shi, seksu ne. Ya ci yana kuka. Kafin sanyi ya wuce, duk matan sansanin sun koya a wurinki. Yara da dama sun rayu da shi. Wiza ba ta ga ƙarshen sanyin ba. Kin faɗi sunanta sau ɗaya, kika tashi kika ce mini ruwan da ke kan wuta zai ƙone.

Tun da na san ki, ban ga baƙo ya fita gidanki da yunwa ba, ko da daga gidan da kuke gaba ya fito. Kin yi mini faɗa, kin kuma tare mini faɗan wasu. Da mahaifiyata ta rasu, ke kika raka ni Kusanɗina, kika shiga kicin ɗin mutanen da ba ki jin rabin maganarsu, kika ciyar da masu makoki.

A kakar bara, da mata suka taru murza na ajiyar shekara, hannunki na rawa. Muka roƙe ki ki huta, kika ƙi. Kin cika ƙaramin buhu ɗaya, muka shanya shi daban. Shi muka turara ranar sadakar uku. Ƙwayoyin ba su daidaita ba, wasu manya wasu ƙanana. Tsohuwa Fariza, ƙawarki tun sansani, ta kai loma ɗaya, ta ajiye cokali, ta ce, "Wannan hannun Tasadit ne." Babu wanda ya bar ko ƙwaya a kwanonsa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Tasadit, Ka yafe mata, Ka yalwata makwancinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da bayinKa. Ka sada ta da mijinta da Wiza. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mukran da Akli, da jikokinta na nan da na ƙetare, da dukan mutanen Tawrirt. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.