Guguwar da Inna Ta Jefa Sama

A Matankari, in an gama girbi, kakata Inna Hajo takan tara mu bakin murhu bayan magariba, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Ni kullum a jikinta nake, don tun ina yaro komai tsoro yake ba ni.

"Ga wata nan tafe," sai ta ce. Mu ce ta iso.

Wai wata jar guguwa ce, da aljana doguwa a cikinta, ta addabi wani gari. Ta yaye rufin rumbuna, ta watsar da damman gero. Sai wata tsohuwa ta kife ta da ƙwarya, ta wurga ta can cikin babban tauraron nan da ba ya ƙyaftawa.

"Guguwar nan ƙasa, in ta ci karo da dutsi ko kuka, faɗuwa takai," in ji Inna. "Can ko babu ƙasa, babu icce. Mi za ya tare ta? Har yau tana juyi."

"Inna, ba ki rufe tatsuniyar ba."

"Kai maigidana matsoraci, abin da bai ƙare ba ake rufewa?"

Da na girma na koma Dogon Dutsi tsaron shago, na fara zuwa wa'azi, tsoron zunubi ya shige ni. Wani zuwa gida na tarar tana ba ƙannena wannan tatsuniya. A gabansu na ce mata ambaton doguwa shirka ne. Ta tone gyaɗar, ta raba, har da kasona. Daga ranar ba ta sake tatsuniya ba. Na ce sai da Sallah zan nemi gafararta. Ba ta kai Sallar ba.

Bana ɗiyata Rabi, da ke karatu a lise, babbar sakandare, ta nuna mini hoton duniyar Mushtari a waya, wato babban tauraron nan da ba ya ƙyaftawa, da wani jan tabo a jikinta. Ta ce guguwa ce da ta fi duniyarmu faɗi, ta haura shekara ɗari tana juyawa, kuma can babu sandararriyar ƙasa da za ta rage mata ƙarfi.

Na daɗe riƙe da wayar. Nan na ga abin da ke damuna. Maganar da na faɗa wa Inna tana da wurin faɗuwa guda ɗaya, bakinta, in ta ce ta yafe. Ina yi mata addu'a kowace salla, amma maganar tana nan tana zagaya a ƙirjina.

"Malaminmu ya ce guguwar tana raguwa kaɗan-kaɗan," in ji Rabi.

"Yaushe za ta ƙare?"

"Ba wanda ya sani, Baba."