Malam Ila, Mai Tsaron Bayan Ayari

Kowace Asabar, da an sallame sallar asuba a Abakpa, Malam Ila zai fito da kekensa, ya latsa tayoyin da babban yatsa, ya ɗaure famfo da jakar faci a bayan sirdi, ya kama hanyar Kurmin Mashi inda 'yan kulob ɗin keke suke haɗuwa. Shi ne farkon zuwa. Yakan jingina keken jikin darbejiya, ya zauna shi kaɗai yana jan carbi har gari ya gama wayewa. In an taru an tashi kuwa, shi ne na ƙarshe. Ba gazawar ƙafa ba ce ta ajiye shi a can, shi ya zaɓi wurin da kansa.

Tun wasu 'yan kulob ɗin ba su yi haƙori ba yake sakatare. Mai son hawa don motsa jiki, a hannunsa zai karɓi katin zama ɗan kulob. Mai son shiga gasar tsere kuma sai da lasisi daga hukumar wasan keke, ita kuma ba ta bayarwa sai ta ga sa hannun sakataren kulob da hatiminsa. Shi ke yawon ofis da hotunan mutane, a ce ya dawo gobe, ya dawo. Sharaɗinsa ɗaya ne tal. Kafin ka ga kati ko sa hannu, sai ka yi Asabar guda a bayan ayari tare da shi.

Wanda bai taɓa hawa a baya ba bai san kaɗaici ba, wallahi. Na gaba suna hira suna dariya, kai kuwa daga kai sai hayaƙin Keke Napep da ƙarar kacarka. Wanda tayarsa ta fashe naka ne, wanda numfashinsa ya ƙare naka ne. Kafin Malam Ila ya iso mahaɗar da ake ƙare hawa an sha shayi, an ɗauki hoto, an fara watsewa. Ku duba hotunan kulob ɗin nan kaf, da ƙyar za ku ga hularsa. Kuma gidan da yake komawa shiru ne, don Jummai matarsa ta riga mu gidan gaskiya, yaran kuma aiki ya kai su nesa.

Hajiya Ummukulthum ta Unguwar Rimi shaida ce. Likita ne ya ce ta riƙa hawa saboda hawan jini. Ran farko ayari ya bar ta a hawan Kawo, ta sauka tana tura keke, kunya ta sa har ƙwalla ta zubo mata. Malam Ila ya sauka shi ma ya tura nasa.

Ta ce, “Malam, don Allah ka wuce, na ɓata maka lokaci.”

Ya ce, “Haba Hajiya, in wuce in je ina? Ai nan ne ofishina.”

Amma labarin da aka fi yi na Rilwanu ne, direban da ya zo daga Katsina, wanda ba a taɓa ganin mai gudunsa a kulob ɗin ba. Ya zo neman lasisi ana gab da wata gasa. Da aka ce masa ya koma baya, ya yi ɗan kilomita ya gaji da rarrafe, ya taka feda ya ɓace, ya wuce wani ɗan kulob mai suna Lawan zaune a bakin titi da gwiwa a fashe. Malam Ila ya ƙi sa hannu. An yi roƙo, an yi zuga, har aka ce baƙin ciki yake yi wa yaron.

Rilwanu ya ce, “Baba, tsere zan yi, ba rakiyar amarya ba. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari!”

Malam Ila ya ce, “A kulob ɗin nan na baya ba labari ba ne, ɗan wani ne. Ran da ka iya waiwaye ka zo.”

Gasar ta wuce Rilwanu. Sai da shekara ta zagayo ya yi Asabar ɗinsa a baya, yana cika yana batsewa, ya karɓi lasisi, ya je ya ciyo kofi. Gaisuwa dai yana yi, amma daga nesa.

Bana gwiwar Malam Ila ta ce ta gaji, likita ya ce ya sauka daga keke. Ya tara 'yan kulob ya ce zai ajiye aiki. Da ya tambayi wa zai karɓi hatimi, hannuwa suka tashi. Da ya ce, “To, baya fa?” sai kowa ya kama duba birkinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce in babu na baya, gara kada a sabunta rajistar kulob ɗin, don ba zai so a bar ɗan mutane a titi da katin da ya sa wa hannu ba.

Asabar ɗinsa ta ƙarshe, ayari ya tashi ya bar shi kamar kullum. Yana takawa a hankali, gwiwa na cizonsa, har ya doshi Kawo. Sai ya ji ƙarar kaca a bayansa. Ya raɓe gefe, ya yi alama da hannu a wuce. Ba a wuce ba. Ya waiwaya, sai ga Rilwanu, da sabon famfo ɗaure a bayan sirdinsa.

“Rilwanu, lafiya? Wuce mana.”

“In wuce in je ina, Baba? Ka yi gaba kawai, ina nan.”

Malam Ila ya goge idonsa da bakin hannun riga, ya ci gaba da takawa.

Malam Ila, kai ne ka shafe rayuwarka kana kallon bayan mutane, ba wanda ya kalli naka. Kai ne ba ka ci kofi ko ɗaya ba, amma babu kofin da ya shigo kulob ɗin nan ba da sa hannunka ba. Garkuwar na baya, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya jiƙan Jummai.

Ku kuma masu kati da masu lasisi, gudu ba laifi ba ne, amma ku riƙa waiwaye. Ran nan dai 'yan kulob ba wanda ya taɓa kofin shayinsa, suna tsaye a mahaɗa har Malam Ila ya iso, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.