Ruwan Kirsimeti a Bab Makka

Ranar Kirsimeti ta farko da na yi a Jidda ranar aiki ce kamar kowace. A shagon yadi nake aiki a kasuwar Bab Makka, wurin wani dattijo Bahaushen Sudan. Babu coci, babu gangar mata zumunta, babu wanda zan ce wa barka. Na yi addu'ata a ɗaki, na fito zuciyata a cunkushe.

Da hantsi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A garinmu ban taɓa ganin ruwa a Disamba ba. Muka yi ta janye yadudduka daga bakin ƙofa muna jiƙewa. Ban san na fara rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa ba, sai da dattijon ya tsaya yana dubana.

"Ɗana, yau ne idinku, ko?"

"Yau ne, Baba."

"Halas, shi ke nan, ba mai sayen yadi cikin wannan ruwa. Zauna ka kira mahaifiyarka."

Ya zuba mana shayi mai na'ana'a. Na kira gida ta bidiyo, na ji ƙannena suna rigima kan naman kaza. Na juya wayar don Mama ta ga ruwan. Ta yi dariya ta ce, "Ka gani? Can ma Ubangiji yana tare da kai."

Tun daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe shago, nakan tsaya in ce, "Na gode, Yesu," sannan in kama aiki.