Raƙumin da Baba Ya Ce a Kai Gida

Mahaifina mutum ne da ba ya kiran abu da sunansa. Tun muna yara a ƙauyenmu kusa da Ollelewa, idan miya ta yi gishiri ba zai ce ta yi gishiri ba, sai ya dubi Inna ya tambaye ta ko ayarin Bilma ne ya sauka a gidanmu. Idan na makara zuwa gona, ya ce in gaishe masa da sarkin barci. Duk gidan mun saba, kowa ya iya kwance maganarsa.

Na girma na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da Faransanci a wata lise, babbar sakandare, a Damagaram. Nakan tsaya gaban ɗalibai in nuna musu yadda marubuci ke faɗin abu yana nufin wani. Har nakan ƙara da abin da aka koya mana a jami'a, wai magana in ta bar bakin mai ita ta zama ta mai ji, shi ke ba ta ma'ana. Da daɗin baki nake faɗin haka, domin a lokacin ba ta taɓa ci mini tuwo a ƙwarya ba.

Wata shekara da bazara Baffa, ƙanen Baba, ya kira ni a waya ya ce Baba ya faɗi a bakin rumbu, an kai shi asibitin Tanout. Na same shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Yana magana, kalmomin suna fita sarai, amma ba su ne yake nema ba. In yana son ruwa sai ya ce igiya. Inna kuwa kasuwa yake ce mata. Likita ya ja ni gefe ya ce hawan jini ne ya taɓa inda kalmomi ke zama a ka, ya hargitsa su.

"Kada ku wahalar da kanku neman ma'ana," in ji shi. "Abin da ya zo bakinsa kawai yake faɗi."

Na yarda da shi, har ranar da Baba ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya zuba mini ido, ya ce, "Ku kai raƙumi gida."

Ya sake maimaitawa. Washegari ma haka, da irin muryar da yake aikenmu da ita. Mu kuwa ba mu taɓa mallakar raƙumi ba, jaki ne da awaki.

Inna ta ce ita ta gane. "Kansa yake nufi. Ya gaji da kwanciyar nan, gida yake so. Ba ka ga dabbar da ta ɗauki kayan gida duk rayuwarta ba?"

Baffa ya girgiza kai. Ya ce Gwaggo ce, ƙanwarsu, wadda doguwa ce ƙwarai. Tana aure cikin makiyaya arewa da Belbédji, kuma ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba. Wata kaka shanun mijinta sun shiga gonar Baba sun ci gero. Da ta zo ba da haƙuri, Baba ya ce mata ƙofar gidan nan ta yi mata gajarta yanzu. Ta ɗauka kora ce, ta juya ba ta ko sha ruwa ba. Baffa ya rantse cewa wasa Baba ya yi, yana nufin ta zama babbar mace mai dukiya. Inna ta ce ita tana wurin, kuma fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Na koma wurin Baba na durƙusa. "Baba, Gwaggo kake nufi?"

"Igiya," ya ce. Na ba shi ruwa ya sha.

"Ko gida kake so a mai da kai?"

Ya lumshe ido. Ban san ko amsa ce ko gajiya ba.

A ranakun nan kaina ya ɗaure. In na bi likita, na mai da ubana mai sambatu, alhali mutumin nan bai taɓa yin magana a miƙe ba ko yana da lafiya. In na bi Inna ko Baffa, wataƙila ciwo ne muke yi wa tafsiri. Sai na fara zargin komai. Me ya sa ruwa ya zama igiya, ba dutse ba? Ai da igiya ake jawo shi daga rijiya. Me ya sa Inna ta zama kasuwa, ko don a kasuwa ya fara ganinta? Na tambaye ta, ta ce a gidan biki ne, in daina shirme.

Daga ƙarshe muka yi duka biyun. Da likita ya ba da izini muka mai da Baba ƙauye, ni kuma na hau motar kasuwa zuwa Belbédji, daga can ɗan kabu-kabu ya kai ni mashekarinsu Gwaggo. Na tarar da ita tana kaɗa nono. Bayan mun gaisa na faɗa mata komai, har da fassarar Baffa.

Ta ajiye ƙwaryar. "Raƙumi? Yaya bai taɓa ce mini raƙumi ba. Zalɓe yake ce mini."

"To, Gwaggo, wataƙila ba ke ba ce."

"Wa ya ce maka ba ni ba ce?" Ta tashi ta fara naɗe zannuwanta.

A mota ta tambaye ni, tunda ni ne mai karatu, me Baba ya nufa da maganar ƙofa a wancan lokaci. Na ce ban sani ba. Ta ce to me nake koya wa 'ya'yan mutane.

Da ta shiga ɗakin, sai da ta sunkuya, don ƙofar gajeriya ce da gaske. Baba ya dube ta, hawaye suka zubo ta gefen da ya mutu. Ya ce, "Gero." Baffa ya ce yafiya ce. Inna ta ce tsohon faɗan ne ya tuna. Gwaggo ba ta kula kowa ba, ta zauna ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana matsa masa da man shanu.

Da damina ta yi nisa harshensa ya fara dawowa, ruwa ya koma ruwa. Na zo hutu, na same shi da hantsi a gindin itacen bedi, Gwaggo na dama masa fura. Na tambaye shi wane raƙumi ne ya ce a kai gida.

"Ni na ce haka?"

"Kai ka ce, Baba. Sau da yawa."

Ya dubi hannunsa na dama. "To, kun kai shi?"

Na dubi Gwaggo, ta kau da kai. Na ce mun kai.

"Madalla," ya ce, ya karɓi ludayi.

Ban sake tambaya ba. Gwaggo ta zauna har aka yanke gero, sannan mijinta ya aiko ta koma arewa, da damin da Baba ya sa aka ɗaura mata. Shi kuma ya ƙara shekara biyu yana jan ƙafa da sanda kafin Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku, Inna da Baffa suka sake tayar da gardamar a tsakar gida, kowa na jan ni in zama shaidarsa. Na ce musu zan je in duba ko baƙi sun sami abinci.