Gaurakin Baffa a Hayin Iyaka

Baffa ne ya ja ni wannan tafiya, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ban san kaina ba. Fata yake saye a kasuwar Jalingo, amma a unguwarmu ta Sarkin Dawaki da kallon tsuntsu aka fi saninsa. Mutum da gemunsa, sai ka tarar da shi a gindin tsamiya ya ɗaga kai sama, kana yi masa sallama yana cewa ka yi a hankali kada ka kori baƙo. Da wani Bature likitan dabbobi zai koma gida, ya bar masa madubin hangen nesa, abin kuwa sai ya ci uban na da.

Ana nan sai yanar ido ta rufe masa idon hagu, ta fara cin na dama. In ya kafa madubin a idon da ya rage yana ɗan gani, in ya sauke sai hazo. Wata safiya ya kira ni ya ce akwai wata fadama a hayin iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, kafin a kai Garwa, inda suka taɓa yada zango shi da mahaifina zamanin fatauci da jakai. A nan suka ga taron gauraki suna rawa. Ya ce yana so ya sake gani kafin idon ya tafi.

“Baffa, gauraka ai har bakin Binuwai akwai ta,” na ce.

“Biyu-biyu, daga nesa. Ni wancan wurin nake so. In ba za ka iya ba ka faɗa, in nemi jaki.”

Lokacin ina tuƙa wa wani attajirin gyaɗa kitika, ƙaramar motar ɗaukar kaya. Na roƙa ya ba ni aro. Ni a ganina na gama shiri: man fetur a garwa, ruwan lagireto, safayar taya da faci, igiya, tabarma, ƙuli-ƙuli, da takardar wucewa da na yi ta sintiri a ofis kafin ta fito. Duk wanda ya tambaye ni yau, waɗannan nake fara lissafa masa, in kuma ce masa ya tafi da rani, kafin ruwa ya yanke hanya. Abin da ban yi ba shi ne in zauna da direban da ya taɓa ƙetarawa in tambaye shi yadda ake yi a can. Ina ji da kaina, wai hanya ai hanya ce.

Muka kwana a Yola, da hantsi muka nufi iyaka. Ba katanga, ba komai, sai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa. Na wuce shi ina riƙe da hannun hagu, yadda aka koya mini tun ina karen mota, yadda kowa ke yi a ƙasar Ingilishi a wancan zamanin. Ina shan kwana sai ga mutum a kan keke ya taho tsakiyar gabana. Na ƙara matsawa hagu, shi ma ya matso nan. Na taka birki har Baffa ya gwara goshi, mai keken kuwa ya zarce cikin kwari, ƙafa sama.

Da ya miƙe sai na ga kaki da jar hula. Jandarma ne, ɗan sandan Faransa, baƙar fata kamarmu, kuma rumfar tsaronsu na ’yan taku gaba, tuta na kaɗawa a bakinta.

“Kai direba! Kai mahaukaci ne? Nan ba ƙasan Ingilishi ba! Nan mota yana bi dama!”

Ya tasa mu zuwa rumfa, ya karɓi takarda yana juya ta, sai idonsa ya sauka a ƙirjin Baffa. Madubin na rataye a wuyansa, yana ƙyalli, don tun daga Jalingo bai yarda ya cire shi ba.

“Wannan na soja ne. Tsoho, me kana dubawa a ƙasan mu?”

“Tsuntsu, ɗana.”

“Tsuntsu! Kun zo daga nesa, kun ƙona mai, don tsuntsu? Za ku ci shi?”

“Kallo kawai.”

Jandarman bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, Baffa ya riƙe igiyar madubin gam. Na ga hannun jandarman ɗaya ya koma kan ɗamararsa. Na durƙusa na ce, “Baffa, don Allah ka saki.” Ya saki. Na koma roƙo da Hausa da ’yar Fulatancin da nake ji, na nuna masa farin da ke idon tsoho. Ya duba, ya tsuke baki. Daga ƙarshe ya ce mu wuce, amma madubi zai zauna. In mun dawo kafin a sauke tuta da yamma, mu karɓi abinmu. In mun makara, zai aika wa kwamanda a Garwa, mu je can mu yi bayanin tsuntsu.

Na ja mota ina maimaita wa kaina dama, dama, kamar mai hadda. Raina a ɓace yake, da jandarma, da kaina, har da Baffa. Ban da madubin nan me zai gani? Shi kuwa in mun zo mararraba sai ya tambayi ko akwai giginya ko dutse, ya ce in bi nan.

Bayan azahar muka isa. Tun kafin in kashe mota na ji kukansu, kamar ana busa ƙaho a cikin tulu. Suna can tsakiyar fadama, baƙi-baƙi, da yawa, kowace da tukkunta ruwan zinariya. Baffa ya sauko ya gyara babbar rigarsa fara sol, ta Juma’a, wadda ya sa musamman don wannan rana. Na kama hannunsa muka nufe su. Ba mu ci rabin hanya ba suka ɗaga wuya gaba ɗaya, suka tashi, suka sauka can ƙarshen ruwa. Farin kaya a fili, tsuntsu na hango shi tun daga nesa, wannan ma a ranar na koya.

“Sun tashi ko?” ya ce.

“Sun tashi, Baffa.”

Na dubi rana, ta fara karkata. Na ce mu haƙura mu koma mu ceci madubi, wata rana a sake zuwa. Ya juyo da fuskarsa wajena.

“Wace rana?”

Muna tsaye sai ya karkata kunne, ya ce yana jin shanu. Garke ne ke gangarowa shan ruwa, da wani Bafulatani magidanci a bayansu. Baffa ya ce in kai shi. Suka gaisa, jam, jam, suka daɗe suna magana da Fulatanci. Ashe dabarar da suka yi da mahaifina ke nan a da: gauraka ba ta gudun saniya, in mutum ya duƙa a cikin garke sai ya kai gab da ita. Makiyayin ya girgiza kai, ya nuna wani jan bijimi mai ƙaho kamar an buɗe hannu biyu.

“Wannan ba ya son baƙo, Baba. Ko ni yana gwada ni.”

Baffa ya riga ya tuɓe babbar riga. Ya karɓi baƙar taguwar makiyayin da malfarsa ya sa, don shanu su ji warin da suka sani. Na ce sai dai mu shiga tare. Makiyayin ya ce baƙo ɗaya ma ya yi yawa. Ya ɗora hannun Baffa a gadon bayan wata tsohuwar saniya mai sanyin hali, ya yi wa shanun ’yar ƙara da baki, garke ya motsa.

Na tsaya riƙe da farar riga, an bar ni kamar mai gadin kaya. Tsoron da na ji a rumfar jandarma wasa ne a kan wannan. Ina hango malfar tana nitsewa tana ɓullowa a tsakanin ƙahoni. Bijimin ya tsaya, ya juyo, ya bi ta gefen Baffa yana shinshina kafaɗarsa. Na buɗe baki zan yi ihu, na tuna ihu zai kori tsuntsu ya kuma tunzura sa, na cusa rigar a baki na cije. Makiyayin ya yi wa bijimin magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe kafin ya kau da kai.

Garke ya kai bakin ruwa, gauraki na nan ba su motsa ba. Sai ɗaya ta buɗe fiffike ta yi tsalle, ta rusuna, wata ta amsa mata, nan da nan gefen fadamar ya ɗauka. Malfar Baffa na tsaye cik a tsakanin shanu. Ko yana gani, ko inuwa kawai yake bi, ban sani ba.

Da ya fito ban tambaye shi ba, tsoron amsar nake yi. Na sa shi a mota na ba ta wuta, a hannun dama. Muka iso jandarma na kwance igiyar tuta. Ya dube mu, ya dubi rana, ya shiga ya ɗauko madubin. Baffa ya karɓa ya ajiye a cinya, bai rataya ba.

Mun wuce farin dutsen nan da nisa, ni kuwa na gama yanke wa raina cewa wahalar banza muka sha. Sai ya yi gyaran murya.

“Ta bakin ruwan nan, mai jan ƙafar hagu, ita ta fara rawar. Da ƙafa ɗaya da rabi, ka ji ƙarfin hali.”

Na gan ta. Tun daga inda nake tsaye na lura da ɗingishinta, ban kuwa faɗa wa kowa ba. Hanya ta dushe mini, na gangara gefe na kashe mota, na kifa kai a sitiyari.

“To, kai kuma idon naka me ya same shi?” in ji Baffa. “Tashi mu tafi, ni na gama nawa kallon.”